Kwalaben Nasiru da Baffa Ya Sa Aka Zubar

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Nasiru, kuma duk wanda ya ce lokaci na sanyaya zuciya, to ni dai bai sanyaya tawa ba. Ba mutuwarsa nake ƙorafi a kai ba, wannan hukuncin Allah ne. Abin da muka yi bayan ta shi ne ya tsaya mini a maƙogwaro.

Ni ban yi nisa a boko ba, aji uku na sakandare na ajiye na kama sayar da albasa a Jega. Nasiru shi ya yi jami'a, yana digiri na biyu kan ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani. Abin da na fahimta daga bakinsa shi ne: ruwan da ake matsewa daga rogo mai ɗaci yana da guba, sayanayid, wadda in akuya ta sha sai wuƙa. Amma akwai bakteriya da ke zaune cikin wannan ruwa lafiya lau. Jikinsu na fitar da wani abu, inzayim, da ke warware gubar. Ya ce masana'antun magani na neman irinsa ido rufe, don juya wasu sinadarai da ake kira nitril, saboda yawancin waɗanda suke da su da sun haɗu da gubar sai su daina aiki.

Ni na riƙa kai shi Karaye ta nan kusa da mu a babur, bakin wani kwatami inda mata ke zubar da ruwan garin kwaki. Wari kamar mushe. Matan na yi masa tsiya: "Malam Nasiru, in ka gama da wanga, akwai na bayan gida." Yana dariya yana ɗiba. Shekara biyu yana tacewa har ya ware irin da yake nema. Bai yarda da firji ba saboda yawan ɗauke wuta, sai ya ajiye su gida, cikin ƙananan kwalabe a tukunyar da ya binne cikin jiƙaƙƙen yashi a ɗakinsa.

Zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana shida ya cika. Bayan sadakar bakwai aka buɗe ɗakinsa don fitar da kayan gado, kamar yadda aka saba. Baffa Bawa, ƙanen mahaifinmu, shi ne babba a wurin. Ya ga tukunya a binne, ya ga kwalabe da rubutu a jiki, ya ja da baya.

"Ga abin da ya kashe shi nan. Wa ka binne tukunya cikin ɗaki in ba mai asiri ba?"

Na ce, "Baffa, karatunsa ne."

"Kai da ka gudu daga makaranta za ka gaya mini karatu? A gina rami."

Aka gina, aka juye, aka bi da ruwan rubutu. Kwalaben kuwa aka wanke tas aka sa cikin kason gado, tunda su dukiya ne. Ina tsaye. A gidanmu ba a mayar wa baffa magana gaban 'yan zaman makoki, ni ma ban mayar ba.

Bana wata abokiyar karatunsa, Dakta Hauwa, ta neme ni har kasuwa. Tana aiki da masu irin wannan bincike a waje, ta ce har yau ba ta ga irin da ya kai na Nasiru jure guba ba, ko akwai saura? Na gaya mata abin da aka yi da su. Na ɗauke ta zuwa Karaye, muka tarar masu garin kwakin sun tashi, an cike kwatamin, an kafa rumbunan albasa a kai. Ta ɗebi ƙasa a leda duk da haka. Bayan wata uku ta bugo waya: babu komai a ciki.

Da Nasiru zai leƙo yau, ban san me zai ce ba. Zai ga mutanen da suka kira aikinsa tsafi suna layi a kemis, suna sayen ƙwayar da aka yi a wata ƙasa, ba wanda ke tambayar da me aka haɗa ta. Shi mai haƙuri ne, wataƙila dariya zai yi. Ni ba haka aka yi ni ba. Na je na gaya wa Baffa abin da Dakta ta ce, kalma kalma. Ya ja carbinsa ya ce, "Da shina da amfani, da Allah bai bari munka zubar ba." Ka ji fa. Ya yi ɓarna da hannunsa, ya jingina wa Ubangiji.

To me ya rage na Nasiru? Dakta Hauwa ta aiko mini da takardar bincikenta, can ƙarshe akwai layi ɗaya na godiya da sunansa. Shi ke nan. Allah Ya jiƙansa, Ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara.

Baffa kuwa ina gaishe shi, don Inna ta roƙe ni. Amma kada in cuci gaskiya: shi bai san abin da ke cikin kwalaben nan ba, ni na sani. Na yi shiru don kada a ce ɗan gidan nan ba shi da kunya, kuma ba a ce ba. Har yau ana yabon tarbiyyata.