Hannun da Ke Ƙasan Hoton

Ina gaishe da ma'aikatan wannan mujalla da masu karanta ta. A lokacin da abin nan ya same ni, ni ce gwanar waya a layinmu na unguwar Yantala a Yamai, kuma ba ni na naɗa kaina ba. Aikin jinya nake yi a wata ƙaramar likita, wato asibitin unguwa, amma in na taso sai in tarar da mata zaune a kan tabarmata, kowace da portabul ɗinta, wato wayar hannu, a riƙe. Wannan sautinta ya ɗauke, waccan jikanta ya taɓa wani wuri rubutu ya koma wani yare. A zumuntar mata ta majami'armu ni ce mai ɗaukar hoto da bidiyo, ni ce kuma mai yi wa tsofaffi faɗa in sun bar waya ta cika da hotunan furanni na barka da safiya. Ina son tsabta, a ɗaki da cikin waya. Yatsana ba ya jinkiri wajen share abu, kuma har alfahari nake yi da hakan.

Maigidana malamin makaranta ne, kowa Mushe yake kiransa kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, har ni. Asalinsa mutumin ƙasar Dogondutsi ne, amma a nan Yamai ya tashi wurin ƙanen mahaifinsa, domin mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan yaye. Shi ne ɗanta na fari. Wanda ya san al'adarmu ya san kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, in yana kuka sai ta kau da kai wata ta rarrashe shi. Sauran yara suna girma su gane son yana nan, a ƙosan da ake ɓoye musu da kallon da ake bin su da shi. Shi bai samu wannan lokacin ba. Abin da ya rage masa shi ne maganar matan gidan da ya tashi, masu cewa ai uwarka mace ce mai kunya, ko sau ɗaya ba a taɓa ganin ta riƙe da kai ba. Su yabo suke yi, shi kuwa yaro wani abu dabam ya ji. Da ya girma yakan faɗi maganar yana dariya, amma ni matarsa na san dariyar ba ta kai ciki ba. Da na haifi ƴarmu ta fari haka ya yi ta yawo da ita a kafaɗa gaban baƙi, har dangina suna taɓe baki. Bai kuma taɓa ganin fuskar mahaifiyarsa ba, ko a hoto.

Wata shekara kafin damina aka yi rasuwa a ƙauyen dangin mahaifiyarsa. Lokacin jarrabawa ne, sai na je gaisuwa a madadinsa. Na sauka wurin yayar mahaifiyar tasa, tsohuwar da muke kira Inna. Ranar da zan taho ta buɗe akwatin ƙarfenta za ta ba ni zane, sai ga wani ƙaramin hoto baƙi da fari a ƙarƙashin kaya. Inna ce zaune da jariri a cinya, a gefenta wata matashiya tsaye da tsagen Arawa a kumatu, ta kau da fuska gefe kamar yaron ba nata ba. Inna ta ce ƙanwarta ce da Mushe, wani mai hoto mai bin kasuwanni ya ɗauke su. Ta ce ba ta taɓa nuna masa ba domin in ya zo a waje yake zama da maza, kuma bai taɓa tambayar ta ba. Na roƙe ta ta ba ni, ta ƙi, ta ce shi kaɗai ya rage mata na ƴar'uwarta. Ban ga laifinta ba. Na fito da shi bakin ƙofa inda akwai haske, na ɗauke shi da wayata sau ɗaya, na duba na ga ya fito tas, na mayar mata.

A cikin mota ne, ina buɗa hoton da yatsu biyu don in ga fuskar da kyau, idona ya sauka ƙasa. A can gefen zanen Inna, inda ƙafar jaririn ta leƙo, akwai hannu. Hannun matashiyar ne, ta saukar da shi a ɓoye ta riƙe ƙafar ɗanta gam, fuska tana kallon gabas hannu yana aikinsa. Na yi kuka a motar har matar da ke kusa da ni ta miƙo mini ruwa. A nan na yanke shawarar da ta zama kuskurena. Na ce ba zan nuna masa a waya kamar hoton talla ba, sai na sa an wanke shi babba, an sa a gilashi, in ba shi ranar Nowel, wato Kirsimeti. Ban tura wa kowa ba, domin ƙanwata ba ta iya riƙe magana daga safe zuwa azahar. Ban ajiye shi a wani wuri na musamman ba, domin Mushe yakan ɗauki wayata. Na bar shi ya nutse cikin tarkacen furannin barka da safiya, ina ganin wayo na yi.

Damina ta shiga ta fita. Wata Lahadi zumuntar mata ke da rana a majami'a, mun yi ɗinkin anko, mun daɗe muna koyon sabuwar waƙa. Mata sun miƙe, mai ganga ya ɗora hannu, na ɗaga waya sai ta ce mini babu wuri. Ban ko yi tunani ba. Na danna hoto ɗaya na ja yatsa ƙasa, na kwashe furanni da duk abin da ke tsakaninsu na share. Waya ta ce har yanzu a cike take, domin abin da na share yana cikin korbey, kwandon sharar da waya ke ajiye abu kafin ya tafi gaba ɗaya. Na shiga na zazzage shi. Na ɗauki waƙar daga farko har ƙarshe, na bi da hotunan cin abinci, kowace mace tana cewa a ɗauke ta ita kaɗai.

Sai da na koma gida da la'asar na nemi hoton, kamar yadda nakan leƙa shi lokaci-lokaci, na neme shi na rasa. Na ce abu mai sauƙi ne, a sake ɗauko mini daga akwatin Inna. Na kira maƙwabcinta mai waya. Sai ya gaya mini ai ɗakin Inna ya faɗi a ruwan tsakiyar damina. Ita ta fita lafiya, amma akwatin ya kwana cikin laka, hoton ya manne da zane, da aka ɓamɓaro shi fuskokin suka bi zanen. Inna ce ta hana a gaya mana don kada mu tashi hankali. Wato tun watanni hoton nan ba ya ko'ina a duniya sai cikin wayata, ni kuma na share shi da hannuna don in ɗauki mata suna rausaya.

Ban zauna kuka ba, ba halina ba ne. Na san abin da nake gaya wa mata kullum, cewa share hoto kamar cire sunan majinyaci ne daga jikin gado. Yana nan kwance, sai an kawo wani an kwantar a wurin sannan ya tafi. Abin da ya tsorata ni shi ne na riga na kwantar da doguwar waƙa da hotunan shinkafa a kansa. Sa'ata ɗaya, tun da na sayi wayar na saita ta tana zuba hotuna a kart memwar, ɗan katin ajiyar da ake zura wa waya, ba cikin wayar kanta ba. Na kashe ta nan take, na zare kart ɗin, na naɗe a kompres ɗin da muke rufe ciwo da shi, na sa a kwalin magani. Mushe ya tambayi abin da ya sami wayar, na ce zafi take yi.

Washegari na nemi izini a wurin aiki na shiga taksi zuwa unguwar Mawre, wurin wani mai gyara Bazabarme wanda nake tura wa mata in abu ya fi ƙarfina. Ya ji bayanina ya ce na kyauta da na cire kart ɗin, amma shi ba zai yi alkawari ba. Ya ce zai fara kwafe kart ɗin dukansa a ordinatar, wato kwamfuta, a kan kwafin zai yi aiki don kada a ƙara lalata na asali. Na ce masa a gefensa zan zauna, domin akwai hotunan matan mutane a ciki, bai kuwa yi musu ba. Abubuwa suka fara dawowa. Furannin nan da na tsana su ne suka fara fitowa, lafiyarsu ƙalau, ko ƙwarzane babu. Muna ta wucewa har hoton Inna ya bayyana. Daga sama komai tas, ɗankwali, goshi, tsage, fuskar Inna, kan jariri. Daga ƙirji zuwa ƙasa kuwa toka-toka ne kamar bangon siminti. Waƙarmu ta zauna daidai kan hannun.

Mai gyara ya ga yadda na yi, ya ce, "Kala suru, sai haƙuri, Madam, ba mu gama ba tukuna." Ya ce sau da yawa waya tana liƙa ƙaramin kwafi a farkon kowane hoto, wanda take nunawa in ana duba jerin hotuna. Ya ciro shi. Cikakke ne daga sama har ƙasa, amma bai wuce farcen babban yatsa ba, in an buɗa shi sai ya dushe. Ni da na san inda hannun yake na gan shi. Na sa aka wanke su duka biyu a ranar, aka zuba mini a kle, ƴar ma'ajiyar da ake soka wa ordinatar, na kuma tura wa ƙanwata mai bakin nan, domin a lokacin na gwammace magana ta fita da hoto ya sake ɓata.

Ban jira Nowel ba. Da Mushe ya dawo daga makaranta ya ci abinci, na zauna kusa da shi a rumfa na gaya masa komai, har da ƙaryar zafin waya, na miƙa masa babban. Ya daɗe yana kallo. Da ya yi magana cewa ya yi goshin ƴarmu ta fari ke nan. Sannan ya yi dariyar nan tasa ya ce in duba, har a hoto ta kau da kai daga gare shi. Na miƙa masa ƙaramin, na nuna masa wurin. Ya kai shi kusa da ido, ya nisanta shi, ya ce shi dai duhu-duhu yake gani, wataƙila ninkin zane ne, kuma ya san don tausayinsa nake faɗa. Wannan maganar ta fi sharewar yi mini ciwo. Na ga hannun nan da idona, yatsu biyar a fili, amma ni ce na mayar da shi abin da za a yi gardama a kai.

Na ce ya kira Inna da kansa, ni ba zan sa baki ba. Aka kai mata waya, ya buɗe sauti. Bayan gaisuwa ya tambaye ta ko ta tuna ranar da aka ɗauki hoton, bai ambaci hannu ba. Tsohuwa ta yi dariya har da tari, ta ce, "Yaro, mi za ya sa in manta? Ni ag ɗauke da kai, amma tun da mai hoto ya ce mu tsaya ƙahwarka na hannunta, har kana shure-shure ba ta saki ba. Da hoton ya hito tsohhi sun ka gani, sun ka ce ba ta da kunya, ta kwana biyu ba ta hita ɗaki ba." Mushe bai iya yi mata sallama ba, ni na karɓi wayar na ƙarasa. Ya zauna da ƙaramin hoton a tafin hannu har aka fara kiran magariba a masallacin layinmu. A shekarun aurenmu ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Yanzu babban yana rataye a salo, ɗakin zamanmu, an yanke tokar an bar fuskoki. Ƙaramin dusasshen kuwa yana cikin Littafi Mai Tsarki nasa, kuma tun daga ranar ban sake jin ya yi wasan nan na uwar da ba ta ɗauke shi ba. Har yanzu mata suna kawo mini wayoyinsu, kuma har yanzu na iya, ban sauka daga sarauta ba. Abin da ya canza shi ne faɗan da nake yi musu. Ina ce musu kada su share komai a tsaye cikin gaggawa, kuma kada su zazzage korbey sai sun duba abin da ke ciki. In tsautsayi ya faɗa, a daina ɗaukar komai da wayar, a kashe ta, a nemi wanda ya iya, a kuma zauna kusa da shi. Abin da yake da daraja a ajiye shi wuri biyu ko uku tun ranar farko.

Amma gargaɗina mafi girma ga masu karatu ba na waya ba ne. Abin da wani ya daɗe yana jira, in ya shigo hannunku ku miƙa masa a ranar, ko a tsaye ne a bakin ƙofa, kada ku ajiye shi kuna jiran gilashi da ranar biki. Fuskar surukata ordinatar ta dawo mini da ita, hannunta kuwa bakin Inna ne ya dawo da shi. Inna ta rasu kafin Nowel ɗin da nake jira. Da na cika shirina yadda na tsara, da har yau maigidana yana kallon hannun mahaifiyarsa yana cewa ninkin zane ne.