Makahon Kwabo

Ina shekara ta biyu a jami'a a Dutsin-Ma kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya turo mini wani saƙon murya da ke yawo a wayoyi. Wani mutum ne ke rantsuwa cewa an yi gwanjon kwabo mai huji a ƙasar Turawa, irin na zamanin mulkin mallaka, an saye shi da kuɗin gina gida. Kawu hatsi yake sayarwa a Kurfi, kuma ba ya jin labarin riba ya zauna lafiya.

Abin da ya tayar da hankali shi ne rufin ɗakin kakata. Lokacin da marigayi kakanmu ya rufa shi da kwano, an riga an daina karɓar waɗannan kwabbai, sai ya riƙa zura kowace ƙusa ta hujin kwabo kafin ya buga, don kada kanta ya ratsa kwanon. Kawu ya tuna. Ya ce zai zare ƙusoshin duka, ga shi kuwa hadari ya fara haɗuwa. Kaka ta ce wanda ya jingina tsani a bangonta, ita za ta janye tsanin yana sama. Da ƙyar aka shirya a kan a jira ni in bincika, tunda ni ne mai karatu.

Kawu ya ce in fara da 'yan gwanjo na kasuwa. Na san gwanjon Turawa daban ne, masu saye ke ta ƙara farashi har sauran su kasa. Namu kuwa tsofaffin tufafi ne a zube a kan leda. Amma ban iya musu da babba ba, sai na tafi. Na tsaya gaban wani mai gwanjo na yi tambayata ƙasa-ƙasa. Na ce kwabo, shi kuma ya ji kwat. Kafin in gyara ya zura mini wata baƙa mai kaiwa gwiwa, maƙwabtansa suna cewa ta yi mini kamar lauya. Dole na biya, da ita na koma makaranta, cikin zafin bazara.

A ɗakin karatu na bi abin a hankali, daga shafi zuwa shafi a intanet, har na kai ga na kamfanin da ya yi gwanjon. Labarin gaskiya ne. Na buɗe hoton kwabon, na ƙara masa girma, na sake karanta bayanin don kada in yi kuskure. Sannan na hau mota zuwa Kurfi, da kwat ɗin a jikina.

Na tarar Kawu ya gaji da jira, har ya aro tsani. Kaka na zaune a ƙofar ɗaki da muciya a cinyarta.

"Maigidana ya iso," in ji ta, don haka take tsokanata. "Faɗa wa wanga mutum, abin da aka kai gwanjo ai ya gama daraja."

"Inna, ki bari ya yi magana. Kai, nawa ne kowane ɗaya?"

Na miƙa masa wayar. "Kawu, duba tsakiyarsa."

"Mi zan gani? Ba komai."

"Shi ne. Injin da ke huda su ne ya tsallake wannan. Rashin hujin aka saya. Masu huji suna nan da yawa, ba su kai kuɗin sabuwar ƙusa ba."

Ya ɗaga kai ya dubi rufin. Duk kwabon da ke can da ƙusa a cikinsa.

Kaka ta karɓi wayar ta kai ta kusa da ido. "Au, makaho! Ai mun yi irinsa. Cikin gwangwanin Malam, kakanka, aka same shi ranar rufi."

Kawu ya durƙusa a gabanta. "Inna, yana ina?"

"Yana sama. Ubanka ya yi ta faɗa wai Bature ya cuce shi, ya ɗora shi a kan turmi ya huda da ƙusa. Kai ka riƙe masa ma, kana ta murna."

Kawu ya tashi ya saɓa tsanin zai mayar wa mai shi. Bai kai zaure ba aka fara yayyafi, sai na cire kwat ɗin na ba shi. Ni da Kaka muka shige ɗaki, ruwa na dukan kwano, ko ɗigo bai sauko ba.