Mutumin da ya raba kashin shanu da rijiyar unguwa

Damina tara ke nan rabon da ɗakin yara na ƙaramin asibitin unguwar bayan mahauta ya cika da masu amai da gudawa. Malamar asibitin, wadda ta shekara goma sha huɗu a wurin, ta ce a da gado takwas ba ya isa, har a ƙasa ake shimfiɗa. Na tambaye ta wa ya kamata a gode wa.

"Je ka nemi Baba Mai Taki," in ji ta. "Mu magani muke yi. Shi ne ya rage mana masu zuwa."

Baba zai ajiye aiki a ƙarshen wannan wata, bayan shekara talatin yana kwasar kashin dabbobi. Gwiwoyinsa sun gaji.

Kullum da sassafe yakan tura baronsa ya zaga garken shanu huɗu, da gidan kaji ɗaya, da mahauta. Abin da ya kwaso yakan kai wani fili da ke gangare, nesa da rijiyar unguwa. A nan yake jera kashi, da kara, da toka, ya yayyafa ruwa, ya tsiba. Duk bayan kwana goma sai ya juya tsibin. Ma'auninsa rodi ne: ya soka a tsakiya, ya zare, ya kama da hannu. Idan rodin ya fito da zafi, takin yana dahuwa. Sai bayan wata uku, ya yi baƙi, warin ya tafi, sannan ya sake shi ga masu lambu. Su kuma su tara masa ganye da harawa ya mayar wa masu shanu.

A shekarunsa ashirin na farko ba haka yake yi ba, kuma bai ɓoye mini ba. Ɗanye yake kai wa lambu, ragowar ya jibge a bayan katangar rijiya kamar yadda kowa ke yi. Wata damina jikarsa ta kwanta kwana shida ana yi mata ƙarin ruwa. Malamar asibiti ta kai shi bakin rijiyar, ta nuna masa hanyar da ruwan sama ke bi daga juji. Jikar ta tashi. A makon ya kwashe jujin shi kaɗai, baro sittin da wani abu.

Wani mai lambu ya ba ni labarin ranar da ya je neman taki cikin gaggawa, latas ɗinsa na neman lalacewa, ya nuna tsibin da bai yi wata ba.

"Na ce, Baba, ai taki taki ne. Ya ce, ɗana, ana dafa latas? Na ce a'a. Ya ce to dole ɗayansu ya dahu, tunda latas ba ya shiga tukunya, sai ka jira takin. Na yi fushi, na yi mako biyu ban gaishe shi ba. Ko a jikinsa."

Shugaban mahauta abokin tsokanarsa ne tun suna samari. "Na ce masa ban taɓa ganin mai son kashi irinsa ba. Ya ce in tambayi bijimina abin da ya ci ya yi ƙiba, da abin da ya fito da ciyawar."

Matarsa kuwa dokarta ɗaya ce. "Malam ba ya shigo mini ɗaki sai ya yi wanka, takalman kuma a waje suke kwana. Da ni ke tilasta masa. Yanzu shi ke bin jikoki da sabulu."

Baba, kai ne ka ɗauki aikin da mutane ke toshe hanci idan sun wuce shi, ka yi shi da tsari. Kai ne ka amsa laifinka a bakin rijiya ba tare da an kai ka gaban kowa ba. Akwai yara a unguwar nan da suka girma ba su san gadon asibiti ba, iyayensu ma ba su san da hannunka a ciki ba. Mun gode. Allah ya ba gwiwa lafiya.

Ga masu kiwo da masu lambu, abin da ya bari ba shi da wuyar koyo: a nesanta juji da ruwan sha, a bar taki ya dahu. Wuyar tana ga mai yi kullum. Mutum huɗu sun zo koyo a bana, uku sun daina zuwa a makon farko. Ta huɗun, wata mai lambun alayyafo, ta iya juya tsibi, amma ta ce sai ta yi shawara da 'ya'yanta kafin ta karɓi baron.

Saura kamar mako shida ruwa ya sauka, kuma har yanzu ba ta ba da amsa ba.