Fuskar da Na Rufe a Ƙarƙashin Zane

Har yau in aka ce ɗan kawuna yana zaure, ta ƙofar baya nake fita. Inna ta gaji da yi mini faɗa. Ta ce taubashina ne, tsakanin taubasai kuwa komai wasa ne. Ni na bar wasa da shi tun ranar Duza, kuma ba na jin zan koma.

Sana'ata zanen katun mai motsi ne a kwamfuta, a wani ɗaki da kawu ya ba ni a Gummi. Zanen hawa-hawa ake yin sa, kamar ledoji masu haske da aka jera kan juna, leya muke ce wa kowanne. Gefen kowace leya akwai ɗan ido: ka danna ta ɓuya, ka sake dannawa ta fito. Da yake leyoyin kan yi yawa, manhajar takan bari ka adana saiti, wato waɗanda za su fito da waɗanda za su ɓuya, ka ba shi suna. Danna ɗaya, komai ya koma mazauninsa.

Wasu masu aikin lafiya suka ba ni aikin ɗan fim kan gubar dalma, yadda ƙurar dutsen zinari da ake dakawa a cikin gida take kashe yara. Na yi saiti biyu, na maza da na mata. Na maza yana nuna ramin haƙa da injin niƙa, na mata yana nuna turmi da tsakar gida da yarinya mai rarrafe. Yarinyar ce ta gagare ni. Duk wadda na zana sai ta fito kamar 'yar tsana.

Akwai wata mata a ƙauyen Duza, ɗiyar ƙawar Inna, wadda gubar ta ɗauke wa yarinya. Hoto ɗaya take da shi a waya, ko mijinta bai san da shi ba. Na roƙe ta, da ƙyar ta tura mini.

"Ki zana bisa gare shi," ta ce, "amma kada ido shi gan ta. Ke ɗai."

Na yi mata alkawari. Na sa hoton a leyar can ƙasa ina bin layin kumatun, na sauya hanci da idanu yadda ba mai ganewa. A duka saitin biyu idon wannan leya a rufe yake. Ban goge ta ba saboda akwai kashi na biyu da zan zana.

Shi kuwa ɗan kawun nawa, aikinsa ɗaukar janareta da majigi ne, sai surutu. Amma a shagon masu shayi cewa yake "fim ɗinmu". Na sha gaya masa kada ya taɓa kwamfutar, yana dariya yana ce mini sarauniyar rowa. Ana gobe za mu je Duza nuna fim na je fadama gaida gwaggo, ya zauna a kujerata. So yake sunansa ya fito a ƙarshen fim. Bai san inda ake rubutu ba, sai ya bi idanu yana buɗewa ɗaya bayan ɗaya har ya samu. Ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe. Don kada sunan ya ɓace in na danna saitina, ya danne saitina na mata da nasa, da duk abin da ya bari a buɗe. Mutumin da ko daidaita majigi a kan benci ba ya iyawa, ranar nan ya iya wannan.

Da safe na ƙara ƙarfin murya, na danna saitin mata kamar kullum, na fitar da fim. Ai amfanin saiti ke nan, ka yarda da shi. Muka hau babura.

A Duza mata suka cika wani babban ɗaki, aka toshe taga da tabarma, na haska fim a bango. Ɗan kawun nawa yana waje wurin janareta. Fim ya tafi lafiya har zuwa wurin turmi. Da yarinyar zanen ta rarrafa gefe, sai ga ta gasken a inda ta tashi, zaune a bango, da ɗan kunnenta guda da ƙurji a goshi. Wata tsohuwa ta kira sunanta.

Uwar ta miƙe, ta tsallake ƙafafun mutane, ta ɗora tafinta a bango don ta rufe fuskar. Hasken ya sauka a bayan hannunta, fuskar ta koma can. Ta janye, ta sake rufewa. Ni na kasa samun abin kashewa, sai wayar wuta na fizge.

Da na fito na same shi yana cin rake.

"Mi kay yi ma saitina?"

"Sunana niy sa, shi ɗai. To mi ya hwaru? Hoto na fa, ba mutum niy kashe ba."

Wannan maganar ce ban yafe ba. Da ya yi shiru, da wataƙila yanzu muna gaisawa.

Bayan kwanaki na koma Duza ni kaɗai don ba da haƙuri. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura, ta ciro wayarta. A gabana ta nemo hoton ta goge.

"Kowa ya gan ta," ta ce. "Ba tawa ta ba yanzu."

Fim ɗin da na fitar na riga na goge, wanda ya rage a duniya shi ne na cikin kwamfutata, a leyar can ƙasa. Na kasa gogewa, na kasa buɗewa. Sunansa kam tun a ranar na goge.