Widad, Wadda Ta Hana Mu Aron Ƙwayar Sukari

Mai abu Ya karɓi abinSa, mu ma muna kan hanya. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Rajab, da hantsi, Allah Ya yi wa ɗiyata Widad rasuwa a Sinnar, bayan zazzaɓin da bai ba mu lokaci ba. Ni ne ubanta, Abdulmuttalib, manomi a wani ƙauye kusa da Abu Hujar. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma na tabbata malamai sun yi hamdala. In kun ga rubutun ya karkace, mai gyara mini ce ta tafi.

Widad, kin yi karatun da na bari. Kin gama a Madani, kika kama aiki a ma'amal, inda ake duba jini. Ina shelar cewa ɗiyata diktora ce, ki ce, "Yaba, ni fa ba diktora ba ce." In ce ki ƙyale ni, bakina ne.

A ƙauyenmu ciwon sukari na kowa ne, maganinsa ma haka. Wanda ya samo ƙwaya a asibiti ya samo wa unguwa, ana aikowa a karɓa kamar gishiri. Da ƙanenki Nuraddeen ya fara ramewa, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, aka ɗiga jininsa a na'urar Baffa Tahir, ta nuna sukari. Baffa ya raba ƙwayarsa da shi. Uwarku Yalwa ta dafa hulba. Ni kuma na ba da shawara, don ita kaɗai nake da ita jibge. Saurayi yana ta ƙarewa a gabanmu, jallabiya na lilo a jikinsa.

Kika zo hutu, kika dube shi, ko shayin da aka zuba miki ba ki taɓa ba.

"Yaba, wa ya ce ciwo nai irin na Baffa ne?"

"Sukari ai sukari ne," in ji ni, babban masani.

"Halas. Ɗauko takalmanka."

A Madani likita ya sa masa allurar insulin nan take, aka kuma ɗebi jini don wani gwaji na daban. A cikin raksha, keken haya mai ƙafa uku, kika bayyana mini. A jini akwai masu gadi da Allah Ya sa su kori cuta. A jikin wasu sai su ruɗe, su afka wa wurin da ake yin insulin. Su gwajin yake nema. Na ce, wato masu tsaron hawasha, gonar dawa, ne suka koma cin dawar. Kika yi dariya, kika ce a ba ni takardar shahadar gama karatu.

An same su a jinin Nuraddeen. Ƙwayar Baffa ba ta irin ciwonsa ba ce, allura ce abincin ransa.

Ba ki tsaya nan ba. Kin bi gida gida kina hana aron ƙwaya, kina cewa kowa a duba nasa. Baffa Tahir ya yi fushi, ya daina amsa gaisuwarki har girbi. Daga baya shi ne ke ɓoye ƙwayarsa a hula, ya ce Widad ta hana. Kin koya wa Yalwa ajiye insulin a gindin randa in wuta ta ɗauke.

Ranar da muka kai ki, Nuraddeen ya ƙi ba kowa diga. Shi ya haƙa, shi ya sauka tare da mijinki Bilyamin, ya karɓe ki da hannu biyu. Na tsaya ina kallon damatsansa, na nemi abin dariyar da zan faɗa, ban samu ba. Ina kuka, kuma wallahi ina alfahari.

Allah Ya jiƙan ki, Widad, Ya yalwata makwancinki, Ya sa aikinki ya tsaya miki. Yalwa, Bilyamin, da abokan aikinta na Sinnar, Allah Ya ba mu haƙuri. Ni kuma a sa ni a addu'a, don yanzu babu mai cewa in yi shiru.