Yayana da Ƙwayoyin Zinarensa

Yayana ya yi furfura yana cin abinci da abin da bai taɓa gani ba. Aikinsa lissafin haske ne, amma ba na fitila ba. Akwai wani haske da ke liƙe a jikin ƙwayoyin zinare 'yan mitsi-mitsi, waɗanda ko dubu aka jera ba su kai kaurin silin gashi ba. Da ka ɗan matsa daga jikin ƙwayar, ya ɓace. Shi yake wuni yana lissafawa a allo, har ƙuda ya faɗa masa a shayi bai sani ba.

A gida Mu Ɗauka muke kiransa, don da haka yake buɗe kowane lissafi: mu ɗauka ƙwayar mulmulalliya ce sumul, mu ɗauka babu ƙura. Matarsa ta taɓa aikensa cefane, ya tsaya a kasuwa ya ɗauka akwai albasa a gida. Haka muka ci miyar nan salam.

To, a hawan ƙasa na ma'aikatarsu akwai wata mai awo, ita ke gwada ƙwayoyin na gaske da na'ura. Awonta ya nuna hasken ya ninka na lissafinsa nesa ba kusa ba. Shugabansu ya ce ko lissafi ya dace da awo, ko a ba wani aikin. Yaya ya kafe wai na'urarta ce ke zazzaɓi.

Ranar da na kai masa makullin da ya manta, na tarar ta janyo shi ƙasa. Ta buɗe hoton ƙwayoyin a kwamfuta. Babu mulmulalliya ko ɗaya, duk ƙusurwa ne da tsini kamar tsakuwa.

"A bakin tsinin nan hasken yake taruwa, Malam," in ji ta.

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Can ya ce a hankali, "Malama, ba za a iya ɗan goge musu bakin ba?"

Wallahi na tausaya masa, amma dariya ta ci ƙarfina har na riƙe ƙofa. Ita ko murmushi ba ta yi ba, ta miƙa masa fensir. Ya zauna yana zana ƙwaya mai tsini.

Aikin dai bai bar hannunsa ba. Amma yanzu kullum sai ya sauka ƙasa ya gaishe ta kafin ya taɓa allo.