Gato da 'Ya'yan Ƙanwata

Shekarar da aka kwantar da ƙanwata a asibiti, 'ya'yanta uku suka dawo wurina a Zongo. Ciki ne ya zo mata da hawan jini, likita ya ce ba ta komawa gida sai ta sauka. Mijinta direban babbar mota ne a hanyar Lome, in ya tafi sai an gan shi. Haka aka kwaso yaran daga unguwar Cissin da jakunkunansu na lekol, wato makaranta, aka sauke mini: babbar tana ajin ƙarshe na firamare, namiji na bi mata, sai 'yar autar da ba ta fara zuwa ko'ina ba.

Na daɗe da manta yadda ake zama da yara. Ɗana ɗaya ne, ya girma ya tafi garin Bobo aiki. Ina sayar da magani a wani farmasi a Kamsaoghin, a tsaye nake wuni, kuma yanzu sai na biya asibiti da kwanon abinci kafin in iso gida. In na sauko daga moto, wato babur, da yamma, ƙafafuna sun kumbura, ga wanki, ga aikin lekol, ga wanda bai ga takalminsa ba.

Ɗakin girkina ɗan ƙarami ne, mutum biyu ba sa juyawa a ciki sai sun gogi juna. Ni na sa aka shimfiɗa masa farin karo, wato tayil, kullum kuma sai na goge shi da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta. Ba iyayi ba ne. Gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya, kwata na bayan bangon, in ka bar ƙwayar sukari ɗaya kafin safiya kiyashi sun yi layi, kyankyasai na biye.

Wata Asabar na taso daga aiki da rana, ba abin da nake so a duniya irin in kwanta. Na cire ɗankwali ke nan, autar ta zo ta riƙe mini zane.

"Tanti, yau Asabar."

"Na sani. Sai me?"

"Mama tana yi mana gato ranar Asabar."

Gato, wato kek. Na buɗe baki in ce a bari sai Mama ta dawo. Sai na tuna yarinyar nan tun zuwanta ba ta cinye kwano ɗaya na abinci ba, kuma wannan ne abu na farko da ta roƙe ni. Na mayar da ɗankwalina.

Na aiki namijin kanti ya sayo fulawa da ƙwai da bota da lebur, hodar nan da ke sa gato ya tashi. Ba ni da abin gashi, sai babbar ta nuna mini yadda uwarsu ke yi: a zuba yashi a gindin babbar tukunya, a ɗora kan gawayi, a zuba kwaɓin a gwangwanayen madara a jera su a ciki. Kafin mu fara na kafa musu doka. Kowa ya wanke hannu. Ba mai taɓa fulawa sai ni. Cokalin da aka gama da shi ya tafi cikin roba, ɓawon ƙwai cikin leda. Suka ce to, Tanti, dukansu a tare.

Dokar ba ta kai ko'ina ba. Namijin ya ce shi ke fasa ƙwai a gidansu, ya buga na farko a bakin kwano da ƙarfin da za a fasa kwakwa, rabi ya shiga, rabi ya bi jikin kantar girkin ya gangara ƙasa. Na sunkuya ina gogewa, autar ta miƙa hannu ta bisa kaina don ta ɗauki cokali, gwiwar hannunta ta ture ledar fulawa. Ban ga faɗuwarta ba, sai dai na ji ta a wuyana da cikin kunnena. Da na ɗago, ɗakin ya yi fari fat, yaran uku suna kallona da fararen girare.

"Kada wanda ya motsa," na ce.

Na fita da bokiti zuwa famfon tsakar gida. Na murɗa, ya yi tari, ya yi shiru. Lokacin zafi ne, ruwan na ɗaukewa ba sallama, ni kuwa da safe na ƙarar da na randa a wanki. Na leƙa waje ko zan ga mai turo barik, wato gangar ruwa, titi ba kowa sai rana.

Kafin in dawo namijin ya yi niyyar taimako. Ya tsoma tsumma a ɗan ruwan wanke hannu ya hau goge fulawar. Duk wadda ta taɓa girki ta san abin da ke faruwa in ruwa ya haɗu da fulawa a kan karo. Ya zama ƙullu, ya shiga kowane tsagi, ya manne a tafin ƙafarsu, suka taka shi har bakin ƙofar ɗakin kwana.

Ban yi faɗa ba, ƙarfin faɗan ne babu. Na juya bokitin na zauna a kansa, na jingina kai da bango, na rufe ido.

Kuka na ji, ba na autar ba, na babbar. Tana tsaye da muciya a hannu, tana juya kwaɓin, hawaye na zuba.

"Ke kuma me aka yi miki?"

"Na ce musu su bari. Ba sa ji. Kullum ba sa ji." Ta ƙarasa da Faransanci, yadda suke yi in magana ta yi musu nauyi, cewa ta gaji.

Sai a lokacin na dube ta da kyau. Ita ke yi wa autar wanka kafin in tashi, ita ke raka ƙaninta lekol, ita ke lallashi in an tambayi Mama. Na ce ta ajiye muciyar ta zo. Na matsa mata a bakin bokitin, muka zauna a takure.

Tsohuwar da ke ɗakin ƙarshe, Bamosa ce, duk gidan Yaaba muke ce mata, ita ta leƙo ta ga halin da muke ciki. Ta riƙe haɓa, ta yi wata magana da Mosanci da ta sa namijin sunkuyar da kai, ta tafi ta dawo da rabin bokitin ruwa daga randarta.

"'Yata, bar ƙasan nan ya bushe," ta ce. "In ya bushe kankarewa za ki yi. Ruwan na hannu ne da kwano."

Muka gasa gaton. Gindinsa ya ƙone, samansa ya tsage, biyu suka ƙi fita daga gwangwani sai da cokali. Autar ta cinye ɗaya sarai, ta nemi ƙari. Ni kuma na durƙusa da tsohuwar wuƙa ina kankare karo har aka kira la'asar, bayana kamar zai rabe. Duk da haka washegari kiyashi suka zo.

Ranar Lahadi na kai su asibiti da gato a leda. Ba a barin yara su shiga ɗakin masu ciki, sai ƙanwata ta lallaɓo baranda tana dafa bango. Ta rame a fuska, ƙafafun sun yi suntum. Ta gutsuri kaɗan, ta ce ya yi daɗi, yaran suka hau ba ta labari suna katse juna. Tana jin an ambaci karo ta dube ni.

"Yaya, a ɗakin girki kika sa su?"

"To a ina zan sa su?"

Ta kama ciki tana dariya har wata ma'aikaciya ta leƙo. "Ni a tsakar gida nake shimfiɗa musu tsohuwar tabarmar roba. In tuɓe musu riguna, in ajiye bokiti a gefe. In an gama a kakkaɓe, kaji su cinye sauran."

"Ba wanda ya gaya mini."

"Ba ki tambaya ba, Tanti," in ji namijin.

Daga nan muka koma tsakar gida, ƙarƙashin inuwar bango. Na ari tabarma wurin Yaaba, ina tara ruwa tun Juma'a. Aikin ya ragu, gajiyar ba ta ragu ba, don yaran maƙwabta sun gano, ko wace Asabar sai hannuwa su ƙaru a kwanon. Babbar na cire ta daga aikin gaba ɗaya, na ce nata ɗanɗanawa ne kawai. Da fari ta ƙi, daga baya ta riƙa zama a kujerata tana ba da umarni.

Ƙanwata ta sauka kafin lokaci, aiki aka yi mata, Allah ya raba lafiya, namiji. Ana gobe suna matan dangi suka ce ai yara sun ba da labarin gaton Tanti, sai in yi na taro. Na ce a'a, ban kuma ba da dalili ba. Zoɓo na dafa na kai Cissin a jarka. Na sami kujera a bayan rumfa, nesa da masu kiɗa, autar ta hau cinyata da ƙashin kaza a hannu. An ce an yi ta nemana a ɗauki hoto, aka same mu mu biyu muna barci.